Sharaɗin Ci Gaban Karatu a Tsarin Tallafin Kuɗi na Ɗaliban Manyan Makarantun Amurka

Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi zancen karatu a jami'o'in Amurka, abubuwa biyu akan fi ambata, watau tsadar kuɗin makaranta, da kuma irin taimakon da Gwamnatin Tarayyar ƙasar take bai wa 'ya'yan marasa ƙarfi domin su iya ɗaukar wannan nauyi. Amma akwai wani abu na uku da ba a cika kawo shi cikin hira ba, alhali kuwa shi ne yake raba ɗalibai masu yawa da makaranta tun kafin su kai ga rabin karatunsu. Wannan abu shi ne sharaɗin da doka ta gindaya cewa duk ɗalibin da yake karɓar kuɗin gwamnati, dole ne ya riƙa nuna gamsasshen ci gaba a karatunsa, in kuwa ba haka ba a yanke masa tallafin. Talauci ne yake buɗe wa ɗalibi ƙofar samun kuɗin da farko, amma sakamakon jarrabawa ne yake riƙe masa ƙofar a buɗe daga baya.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana asalin wannan sharaɗi, da ma'aunan da ake auna ɗalibi da su, da matakan da ake bi kafin a yanke masa tallafi da kuma bayan an yanke, sa'an nan da abin da masana suke faɗi game da amfaninsa da illarsa. Lissafin ba zai zama baƙo ga ɗaliban jami'o'in Nijeriya ba, domin tsarin kwas da kiredit da ake bi a nan irin na Amurka ne, sai dai ma'aunin maki a yawancin jami'o'in nan yana tsayawa a 5, na can kuwa a 4.

Asalin Tallafin

Tushen wannan tallafi shi ne Dokar Ilmi Mai Zurfi, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ran 8 ga Nuwamba, 1965. Ya zaɓi ya sa hannun ne a tsohuwar kwalejinsa da ke garin San Markos a jihar Teksas, inda shi kansa ya yi karatun malanta cikin ƙuncin rashin kuɗi. Babi na huɗu na wannan doka shi ne ya ƙunshi taimakon da ake ba ɗalibai, kuma har yau da sunan wannan babi ma'aikatan jami'o'i suke kiran kuɗin.

Taimakon ya kasu kashi uku. Na farko kyauta ce wadda ba a biya. Babba a cikin irin wannan ita ce wadda aka kafa a gyaran dokar na 1972, aka fara rabawa a 1973, sa'an nan a 1980 aka sa mata sunan Sanata Claiborne Pell, wanda ya yi tsayin daka wajen kafa ta. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, mafi yawan abin da ɗalibi ɗaya zai iya samu daga kyautar Pell shi ne dala 7,395. Kashi na biyu rance ne wanda ɗalibi zai biya bayan ya bar makaranta. Na uku kuwa aikin lada ne da akan sama wa ɗalibi, galibi a cikin harabar makaranta, kamar a laburare ko a wani ofis. Ana neman dukkansu da takarda guda da ake kira FAFSA, wadda ɗalibi yake cikewa kowace shekara. Ya kamata a sani cewa wannan kuɗi na 'yan ƙasa ne da wasu rukunin baƙi, kamar masu izinin zama na dindindin da 'yan gudun hijira. Ɗalibin da ya shiga ƙasar da bizar karatu ba shi da rabo a ciki, ko da yake sukolashif ɗin da jami'o'i suke ba irinsa shi ma yakan zo da nasa sharuɗɗan na maki.

Yadda Sharaɗin Ya Shigo

A shekarun farko, muddin makaranta ba ta kori ɗalibi ba, kuɗinsa yana ci gaba da zuwa. A gyaran dokar na 1976 ne Majalisa ta sa cewa mai karɓar tallafi dole ya kasance yana samun gamsasshen ci gaba, amma ta bar wa kowace makaranta ta fassara abin da ake nufi da hakan. To, da yake kuɗin tallafin a aljihun makarantun yake ƙarewa, ba kowace ce ta ga dalilin tsananta wa ɗalibanta ba. A 1981 Babban Ofishin Binciken Kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto yana kukan cewa ana ta biyan kuɗin jama'a ga ɗaliban da ba sa kusantar kammala karatu, ya kuma nemi a tsaurara ƙa'ida. Daga nan aka shiga ɗaure igiyar sannu a hankali. Gyaran dokar na 1986 ya wajabta cewa a ƙarshen shekara ta biyu ta karatu, dole matsakaicin makin ɗalibi ya kai darajar C, ko kuwa matsayin da ya dace da abin da makarantarsa take nema kafin ta yaye shi. Daga bisani Ma'aikatar Ilmi ta fitar da sababbin ƙa'idoji a watan Oktoba na 2010, waɗanda suka fara aiki ran 1 ga Yuli, 2011, kuma su ne suka fayyace matakan gargaɗi da koke da talala waɗanda za a yi bayaninsu a gaba.

Har yanzu dai kowace makaranta ita take rubuta tata ƙa'idar. Abin da gwamnati ta yi shi ne ta ja layin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ta kuma ce ƙa'idar da za a ɗora wa masu karɓar tallafi ba za ta fi ta sauran ɗalibai sauƙi ba. Makaranta tana da ikon ta fi gwamnati tsanani, amma ba ta da ikon ta fi ta sassauci. Saboda haka ɗalibai biyu masu sakamako iri ɗaya suna iya samun hukunci daban idan makarantunsu daban ne.

Ma'auni na Farko: Matsakaicin Maki

Ana auna ɗalibi da ma'aunai uku, kuma dole ya cika dukkansu a lokaci guda. Na farko shi ne matsakaicin maki. A tsarin Amurka darajar A maki 4 ce, B maki 3, C maki 2, D maki 1, F kuwa, watau faɗuwa, ba ta da maki ko ɗaya. Akan ninka makin kowane kwas da yawan kiredit ɗinsa, a haɗa jimla, a raba da yawan kiredit ɗin da aka ba da daraja a kansu. Yawancin makarantu suna neman 2.0 daga masu karatun digirin farko, masu karatun gaba da digirin farko kuwa galibi 3.0 ake nema daga gare su. Wasu makarantu sukan sassauta wa sababbin ɗalibai, su karɓi abin da bai kai 2.0 ba a shekarar farko, su ɗaga shi a hankali, wasu kuma tun daga zangon farko suke neman cikakken adadin.

Ga misali. A ɗauka wani ɗalibi ya yi rajistar kwas 5 a zangonsa na farko, kowanne mai kiredit 3, jimla kiredit 15. Ya sami B ɗaya, C biyu, D ɗaya da F ɗaya. Makinsa 3 da 2 da 2 da 1 da sifiri, watau 8, idan aka ninka da 3 ya zama 24. In an raba 24 da 15 za a sami 1.6. Ga shi ya ci kwas huɗu cikin biyar, amma ya gaza a wannan ma'auni. Abin lura a nan shi ne, ana haɗa makin dukkan zangunan da ɗalibi ya yi tun daga shigarsa, ba na zangon ƙarshe kaɗai ba. Domin wannan ɗalibi ya koma 2.0 a ƙarshen zango na biyu, yana bukatar jimlar maki 60 a kan kiredit 30, watau sai ya samo maki 36 a sabon zangon. Samun C a kowane kwas ba zai fisshe shi ba, domin wannan maki 30 kawai zai ba shi. Sai ya sami aƙalla B biyu da C uku.

Ma'auni na Biyu: Saurin Tafiya

Ma'auni na biyu yana duba kashi nawa ne ɗalibi ya ci daga cikin abin da ya ɗauka. Akan raba jimlar kiredit ɗin da ya ci da jimlar waɗanda ya yi rajistarsu, kuma galibin makarantu suna neman sakamakon ya kai kashi 67 cikin 100. Wannan ma'auni shi ne ya fi shammatar ɗalibai, domin ba ya la'akari da kyawun daraja. Kwas ɗin da aka faɗi, da wanda aka janye daga gare shi bayan wa'adin sauya kwas na farkon zango ya wuce, da wanda ba a ƙarasa aikinsa ba, duk a layi ɗaya suke: an ɗauka, ba a ci ba.

A ɗauka wata ɗaliba ita ma ta yi rajistar kiredit 15. Da zango ya yi nisa sai ta ga aikin da take yi da dare domin biyan kuɗin haya ya hana ta sukunin karatu, ta janye daga kwas biyu don kada ta faɗi, ta mai da hankali ga ukun da suka rage, ta kuwa sami A a dukkansu. Matsakaicin makinta 4.0 ne, babu na sama da shi. Amma kiredit 9 ta ci daga cikin 15, watau kashi 60 cikin 100, saboda haka ta gaza. Dabarar da ta tsare mata ma'auni na farko ita ce ta kayar da ita a na biyu.

Wahalar fita daga wannan rami ta fi bayyana ga wanda ya yi mummunan zango tun da farko. Idan ɗalibi ya kwanta rashin lafiya ya ci kiredit 3 kacal daga cikin 15, ko da ya ci dukkan kiredit 15 na zango na biyu, jimlarsa 18 ce daga cikin 30, watau kashi 60 cikin 100 har yanzu. Sai ya ci kiredit 22 a jere ba tare da faɗuwa ko janyewa ba kafin ya haye kashi 67. In kuwa mai ɗaukar kwas biyu ne a kowane zango saboda aiki ko iyali, wannan tafiyar zango huɗu ce.

Ma'auni na Uku: Iyakar Wa'adi

Ma'auni na uku ya ce mai karatun digirin farko ba zai wuce kashi 150 cikin 100 na tsawon da aka tsara wa karatunsa ba. Digirin shekara huɗu yawanci kiredit 120 ne, saboda haka iyakarsa 180. Karatun shekara biyu na kwalejojin al'umma yawanci kiredit 60 ne, iyakarsa 90. Daga nan ne ma adadin kashi 67 ya samo asali, domin 120 cikin 180 kashi biyu bisa uku ne. Wanda yake cin abin da bai kai biyu bisa uku na kwasa-kwasansa ba, in ya ci gaba a haka, wa'adinsa zai cika bai kammala ba.

Da yake galibi da kiredit ake ƙirga wannan wa'adi, ba da shekaru ba, karin maganar nan ta sannu ba ta hana zuwa tana da gurbi a nan: mai ɗaukar kwas kaɗan kaɗan yana cinyewa bai saɓa wa wannan ma'auni ba ko da ya daɗe. Wanda yake cikin haɗari shi ne mai ɗaukar kaya da yawa yana zubarwa a hanya. Har ila yau, ba a jira sai ɗalibi ya kai iyakar kafin a dakatar da shi. Da zarar lissafi ya nuna ba zai yiwu ya kammala cikin wa'adin ba, tallafinsa ya tsaya. Wanda ya riga ya ɗauki kiredit 150, amma 85 kaɗai ne suka shiga lissafin digirinsa, saura 35 ke nan, kuma 150 da 35 sun zama 185, sun haura 180.

Bayan wannan, kyautar Pell tana da tata iyakar ta dabam. Tun daga shekarar karatu ta 2012 zuwa 2013, ɗalibi ba ya karɓar ta fiye da kwatankwacin cikakkun zanguna 12 a duk tsawon rayuwarsa, alhali kafin nan iyakar zango 18 ce. Wannan iyaka babu koke a kanta.

Abubuwan da ke Rikita Lissafi

Akwai wasu 'yan ƙa'idoji da ɗalibai ba su cika saninsu ba sai bayan sun faɗa cikinsu. Na ɗaya, duk zangon da ɗalibi ya yi a makarantar yana shiga lissafi, ko da a lokacin da kuɗin aljihunsa ya biya. Na biyu, maimaita kwas yana ƙara yawan abin da aka ɗauka, ko da makaranta ta yarda sabuwar daraja ta maye gurbin tsohuwa a wajen maki. Kwas ɗin da aka riga aka ci kuwa, sau ɗaya tak tallafi yake biyan kuɗin maimaita shi. Na uku, kiredit ɗin da ɗalibi ya zo da su daga wata makaranta aka karɓa, ana ƙirga su a matsayin waɗanda aka ɗauka kuma aka ci, saboda haka suna taimaka masa a ma'auni na biyu, amma suna cinye masa wa'adi a na uku. Na huɗu, kwasa-kwasan share fage da akan sa masu raunin Turanci ko lissafi su yi, makaranta tana iya cire su daga lissafin saurin tafiya, amma dole ta duba yadda ɗalibi ya yi a cikinsu. Na biyar, sauya fannin karatu yana iya jawo asarar kiredit masu yawa, kuma ya rage ga makaranta ta yanke ko za ta yafe waɗanda ba su shiga sabon fannin ba.

Na ƙarshe kuma mafi ɗaci shi ne na tsofaffin ɗalibai. Makarantu da yawa suna da al'adar yafe wa wanda ya dawo bayan shekaru tsohon mummunan sakamakonsa, domin ya fara da sabon allo. Ƙa'idojin tallafin gwamnati ba su san da wannan yafiya ba. Mutumin da ya yi sakaci da karatu yana ɗan shekara 18, ya dawo yana ɗan shekara 30 da iyali da natsuwa, yana iya tarar da tsohon sakamakon nan yana jiransa a ofishin tallafi.

Dubawa, Gargaɗi da Dakatarwa

Doka ta ce a duba ci gaban ɗalibi aƙalla sau ɗaya a shekara, idan karatun ya wuce shekara guda. Idan kuwa na shekara ɗaya ne ko ƙasa da haka, dole a duba a ƙarshen kowane zango. Makaranta tana iya zaɓar ta duba kowa a kowane zango, kuma wannan zaɓi yana da muhimmanci ga ɗalibi, domin irin wannan makaranta ce kaɗai aka yarje wa ta yi amfani da matakin gargaɗi. Ɗalibin da aka sa a wannan mataki yana ci gaba da karɓar kuɗinsa na zango ɗaya ba tare da ya rubuta komai ba. In ya gyara a ƙarshen zangon, ya koma matsayinsa na da. In bai gyara ba, a dakatar da tallafin. A makarantar da take dubawa sau ɗaya a shekara kuwa babu gargaɗi, ɗalibi yana gazawa sai dakatarwa.

Wajibi ne a bambance wannan dakatarwa da korar da makaranta take yi wa ɗalibi saboda faɗuwa. Ofisoshi biyu ne da ƙa'idoji biyu. Sau da yawa ofishin rajista yakan ce ɗalibi yana da damar ci gaba da karatu, ofishin tallafi kuma ya ce babu kuɗi. Ga ɗan mai hali wannan ƙaramar matsala ce, iyayensa za su biya. Ga ɗan talaka kuwa kora ce a fakaice.

Koke da Zangon Talala

Wanda aka dakatar yana iya rubuta takardar koke, idan makarantarsa tana karɓar koke, domin doka ta ba da izini ne kawai, ba ta tilasta ba, ko da yake yawancinsu suna karɓa. Dalilan da ƙa'ida ta ambata su ne rasuwar wani daga cikin dangi, da rauni ko rashin lafiyar ɗalibin, da kuma wasu larurori na musamman, waɗanda aka bar wa makaranta ta tantance. Dole takardar ta amsa tambaya biyu: me ya sa ɗalibin ya gaza, kuma me ya sauya a halinsa wanda zai sa ya yi nasara nan gaba? Galibi akan nemi shaida, kamar takardar likita ko ta rasuwa ko wasiƙar wurin aiki. Tambaya ta biyu ita ce ta fi kayar da masu koke, domin wanda ya zayyana wahalarsa dalla-dalla amma bai nuna yadda ta kau ko ta yi sauƙi ba, ya ba kwamitin hujjar ƙin amincewa da hannunsa.

Idan an amince da koken, sai a sa ɗalibin a matsayin da za a iya kira talala. Yana karɓar kuɗi na zango ɗaya, a ƙarshensa a sake dubawa. Amma kamar yadda misalin baya ya nuna, akwai ramin da zango ɗaya ba ya isa a fita daga cikinsa. Don haka aka ba makaranta damar tsara wa ɗalibi wani shirin karatu na musamman, wanda zai fayyace kwasa-kwasan da zai ɗauka da darajar da zai samu a kowane zango har zuwa lokacin da zai koma kan ƙa'ida. Muddin yana cika sharuɗɗan shirin, kuɗinsa yana ci gaba da zuwa ko da jimlar makinsa ba ta kai ba tukuna.

Wanda aka ƙi kokensa, hanya ɗaya ta rage masa, watau ya biya kuɗin makaranta da kansa har sakamakonsa ya koma daidai. Zaman gida na zango ɗaya ko shekara ɗaya ba ya dawo da cancanta, haka kuma biyan kuɗin zango ɗaya shi kaɗai ba ya dawo da ita sai idan lissafin ya gyaru.

Abin da ke Biyo Baya

Yanke tallafi yana jawo wasu matsaloli. Ɗalibin da ya bar makaranta gaba ɗaya a tsakiyar zango, kafin a ci kashi 60 cikin 100 na zangon, ana ɗaukar cewa bai cancanci dukkan kuɗin da aka biya dominsa ba, sai a mayar wa gwamnati da ragowar, makaranta kuma ta juyo ta bi shi bashin giɓin. Wanda ya ci rance kuwa, wata shida bayan ya bar makaranta ko ya rage karatunsa ƙasa da rabin lokaci, biyan bashi ya hau kansa. Ta haka mutum yakan wayi gari da bashin karatu amma babu takardar shaidar da za ta sama masa aikin biyan bashin.

Tallafin jihohi da na jami'o'i kuma yakan fi na tarayya tsanani. Sukolashif ɗin HOPE na jihar Jojiya, wanda aka fara a 1993 da kuɗin cacar jihar, yana neman ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki 3.0, saboda haka mai 2.5 yana iya tsira da kyautar Pell amma ya rasa wannan.

Ra'ayoyin Masana

Masu goyon bayan sharaɗin suna da hujja mai ƙarfi. Kuɗin na masu biyan haraji ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Suna ƙarawa da cewa ba gata ba ne a bar ɗalibin da ba zai kammala ba ya yi ta tara bashi shekara da shekaru, kuma sanin cewa akwai ranar hisabi yana zaburar da mai kasala.

Masu suka kuwa suna cewa kyautar da aka kafa domin talauci ta rikiɗe ta zama kyautar hazaƙa bayan shekarar farko, kuma ɗaliban da suka fi faɗawa cikin tarkon su ne waɗanda aka yi kyautar dominsu, watau masu haɗa karatu da aiki, da masu reno, da waɗanda suka fito daga makarantun sakandare marasa ƙarfi. Wasu masana biyu, Judith Scott-Clayton da Lauren Schudde, sun bi diddigin ɗaliban kwalejojin al'umma a binciken da suka fitar a 2016. Sun gano cewa sharaɗin yana aiki ta fuska biyu: yana sa wasu su bar makaranta, yana kuma ɗaga makin waɗanda suka tsaya, amma bayan shekara uku illar ce ta fi rinjaye. Watau kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, saɓanin kawai a kan wadda ta fi nauyi ne.

Hukumomi ma sun nuna cewa ƙa'idar tana iya lanƙwasuwa. A watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, Majalisar Amurka ta ba makarantu izinin cire kwasa-kwasan da annobar ta hana a kammala daga lissafin saurin tafiya ba tare da an nemi koke ba. A 2023 kuma jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana makarantun da ke cin moriyar tallafin jihar su ɗora wa ɗalibai ma'aunin da ya fi na tarayya tsanani.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ɗalibin Amurka mai karɓar tallafi yana ɗauke da lissafi uku a kowane zango: makinsa kada ya sauka ƙasa da 2.0, abin da ya ci kada ya gaza biyu bisa uku na abin da ya ɗauka, jimlar abin da ya ɗauka kuma kada ta haura ninki ɗaya da rabi na tsawon karatunsa. Da yake lissafin tarawa ake yi, zangon farko ya fi kowanne haɗari, domin a lokacin ne kwas guda yake da nauyi mafi girma a kan jimla, kuma a lokacin ne ɗalibi bai riga ya san kan makaranta ba. Shi ya sa masu ba ɗalibai shawara suke nanata cewa a karanta ƙa'idar makaranta tun ranar rajista, a ɗauki abin da za a iya ɗauka, a kuma leƙa ofishin tallafi kafin a janye daga kowane kwas, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga masu tsara manufofin ilmi kuwa, tambayar da wannan tsari ya bari ita ce yadda za a bambance ɗalibin da ya ƙi karatu da wanda halin rayuwa ya hana shi, alhali a takardar sakamako dukkansu daraja iri ɗaya suke samu. Matakan gargaɗi da koke da shirin karatu na musamman duk ƙoƙari ne na amsa wannan tambaya, kuma ingancinsu ya dogara ne ga ma'aikatan da suke karanta takardun koken da kuma ko ɗalibin ya san yana da damar rubutawa tun farko.